Noman mangwaro a gaɓar Malaga, inda muke karya furen farko da hannunmu

Gonar mangwaron da nake kula da ita tana yankin Axarquía, gabas da birnin Malaga a kudancin Sifaniya, a kan wani gangare da ke kallon Bahar Rum. Wurin yana wajen digiri 36 arewa da layin da ya raba duniya biyu, alhali Kano tana wajen digiri 12. Duk da haka akwai sama da hekta 4,000 na mangwaro a wannan bakin teku, daga Malaga har gaɓar Granada, kuma mafi yawan mangwaron da ake nomawa a cikin Turai daga nan yake fitowa. Tsaunukan da ke bayanmu suna tare iskar arewa, teku kuma yana rage kaifin sanyin dare. Ba don waɗannan biyun ba, da babu maganar mangwaro a nan.

Wanda ya saba da lambu a ƙasar Hausa, lissafin yanayi zai fara sakewa a kansa. A gida ruwa da zafi tare suke zuwa, hunturu kuma a bushe yake. A nan ruwan sama tare da sanyi yake sauka, daga Oktoba zuwa Afrilu, sannan watannin zafi su zo ƙayau, da ƙyar a ga ɗigo, daidai lokacin da 'ya'yan ke girma. Cututtukan gonar, da ban ruwanta, da lokacin furenta, duk daga wannan suka samo asali.

Tun kafin a sayi dashe ko ɗaya muka rataye ma'aunin zafi mai ajiye lissafi a sama da tsakiya da gindin gangaren, tsayin mita ɗaya daga ƙasa, muka bar su har hunturu ya wuce. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare gangarowa take yi ta taru a kwari, don haka fili ɗaya zai iya nuna digiri 6 a sama da digiri 1 a ƙasa cikin dare guda. Fure da ƙananan 'ya'ya suna lalacewa idan sanyi ya sauka wajen digiri 4 ya yi 'yan sa'o'i. Ƙaramin dashe yana mutuwa a digiri 1 zuwa 2 ƙasa da sifili. Babbar bishiya takan jure digiri 3 ƙasa da sifili na ɗan lokaci, amma ganye da ƙananan rassa za su ƙone. Gindin gangarenmu bai yi ba, sai muka bar wa lemon tsami. Har yanzu ina ganin masu dasa mangwaro a kwari don ƙasar can ta fi kauri kuma ruwa ya fi sauƙin kaiwa, abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin za su yi shekara uku ko huɗu lafiya lau, dare ɗaya na Janairu ya kwashe musu komai.

Ƙasar gangaren dutse ce mai falle-falle, marar kauri. An yanka ta dakali-dakali da katafila, aka farfasa ƙarƙashinta zurfin santimita 80 don saiwa ta sami hanya. Mangwaro ba ya ƙin ƙasa marar ƙarfi, abin da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi lokacin sanyi. Inda ƙasa ke da alli da yawa, sabon ganye yakan fito rawaya jijiyoyinsa kore, alamar bishiyar ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Maganinsa takin ƙarfe irin na EDDHA, giram 20 zuwa 40 kowace bishiya, a zuba ta ruwan ɗigo, wato ban ruwa ta bututun da ke ɗiga ruwa a gindin bishiya, da zarar ƙasa ta fara ɗumi. Sauran nau'o'in takin ƙarfe ba sa aiki sosai a irin wannan ƙasa, asarar kuɗi ce.

Duk dashenmu ɗan aure ne. Gindin da aka fi aura wa a yankin shi ne Gomera-3, wanda ya fito daga tsibiran Kanari. Ƙwallonsa ɗaya yana fitar da tsiro da yawa, kuma yawancinsu kwafin uwar ne sak, shi ya sa gona take tashi bai ɗaya. Inda ruwa ke da gishiri ko ƙasa ke da alli, akwai gindin 13-1 na Isra'ila. Reshen da aka aura a sama kuwa Osteen ne mafi rinjaye, ɗan asalin Florida ta Amurka, dogo mai launin shunayya, marar zare sosai, yana ƙosawa a Satumba. Mun sa Keitt a dakalan da suka fi ɗumi, domin shi sai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake cire shi, kuma yana buƙatar zafin ya daɗe masa.

Dashe a watan Mayu ko farkon Yuni muke yi, bayan ƙasa ta ɗumama. Wanda ya dasa a Oktoba don ya ci moriyar ruwan sama ya miƙa dashensa ga sanyi tun saiwa ba ta kama ba. Tazararmu mita 4 tsakanin layi, mita 3 tsakanin bishiya, wato bishiya 833 a hekta. A gida wannan zai yi kama da cunkoso, amma a nan bishiyar watanni biyar ko shida kacal take girma a shekara, tunda tsiro yana tsayawa idan zafi ya gaza digiri 15. Ramin ya ɗan fi ledar dashen faɗi, kada a zuba ɗanyen taki a ciki, kuma gaɓar auren ta tsaya santimita 10 zuwa 15 sama da ƙasa. A kafa turke a ɗaure dashen da igiya mai laushi, a sa masa bakin ɗigo biyu masu ba da lita 4 a sa'a. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris muna lulluɓe kowane dashe da farin mayafi marar nauyi wanda iska da haske ke ratsawa, shekara biyu ko uku na farko. Leda ba ta yi, da rana tana dafa ganye, da dare kuma raɓa ta taru a ciki.

Idan dashen ya kai santimita 80 zuwa mita ɗaya sai a datse kansa. Akwai wani abu a nan da ya kamata a duba da kyau. A ƙarshen kowane toho akwai zoben idanu da suka taru wuri ɗaya. In ka yanka sama da zoben, rassa shida ko bakwai za su fito daga gaɓa guda, kuma ranar da suka ɗauki kaya nan za su tsage. In ka yanka ƙasa da zoben, rassan za su fito daga gindin ganye daban-daban, da tazara a tsakaninsu. Uku ko huɗu ake zaɓa a bari, kowanne in ya yi toho biyu a sake datse shi haka.

Ƙaramin dashe ɗan aure yakan yi fure tun hunturunsa na farko, kuma bai kamata a bar shi ya riƙe ɗa ba sai shekara ta uku ko ta huɗu. Sai dai in ka cire furen da wuri, cikin sanyi, wani furen zai sake fitarwa, ka sake cirewa ya sake, har ƙarfinsa ya ƙare a banza. Muna barin furen ya buɗe, 'ya'yan su kai girman ƙwayar wake, yanayi ya yi ɗumi sosai wajen Mayu, sannan mu yanke. A lokacin abin da zai biyo baya ganye ne.

Wannan halin na mangwaro shi ne ginshiƙin aikin babbar gona ma. Sanyi ne ke sa idon toho ya zama fure. Dare mai digiri 10 zuwa 15 yana juya shi, kamar dai yadda mangwaron gida ke huda bayan iskar hunturu ta kaɗa. Bambancin shi ne a gida zafi yana biyo baya nan da nan, a nan kuwa Osteen yakan fitar da zangarniyar fure tun Fabrairu, alhali dare yana sauka ƙasa da digiri 10 har cikin Maris. A irin wannan sanyi garin fure ba ya tsirowa da kyau, kuma ko barbara ta yiwu, ƙwayar da ke cikin ƙwallo takan mutu tun tana ƙarama. Ɗan ba lallai ya faɗi ba. Sai ya zauna a reshe ya girma kaɗan, bai wuce ƙwan kaza ba, sau da yawa da tsaga a gefe. In ka yanka shi za ka tarar da ƙwallon siriri, fayau, babu komai a ciki. Yana da zaƙi, amma kuɗinsa a kasuwa bai taka kara ya karya ba, ga shi ya sha abincin da nagari za su sha.

Saboda haka muke karya furen farko. Ma'aikata suna bin layi bishiya-bishiya, su kama zangarniyar a gindinta, daidai inda ta haɗu da reshe, su karya da yatsa ko su yanke da almakashi, ba tare da taɓa idanun da ke gindin ganyen ƙasa da ita ba. Waɗannan idanun ne za su farka, kuma bayan kwana 30 zuwa 45 su ba da fure na biyu, wanda zai buɗe a Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da dare ya haura digiri 12 zuwa 15 kuma ƙudaje sun fito.

Ranar karyawa ita ce shawara mafi nauyi a shekara, kuma kalanda ba ta isa ta yanke ta ba. In aka karya da wuri, a ce farkon Fabrairu, fure na biyu ma cikin sanyi zai buɗe, an yi aikin banza. In aka makara har ƙarshen Maris a shekara mai ɗumi, sanyin da ya rage bai isa ya juya idanun ba, sai bishiyar ta fitar da ganye zalla, shekarar ta tafi babu ɗa. A gangarenmu tsakanin ƙarshen Fabrairu da tsakiyar Maris abin yake faɗawa. Muna jira zangarniyoyin su miƙe sosai, furannin gindinsu su fara buɗewa, muna duba hasashen yanayi na mako biyu masu zuwa, kuma muna fara karyawa daga dakalan da suka fi ɗumi mu ƙare da masu sanyi. Ba ma karya gonar duka a mako ɗaya, domin in lissafi ya kuskure a wani ɓangare, wani ya tsira. Bishiyar da ba ta da ƙarfi, ko wadda ta yi kaya mai nauyi bara, ba ma taɓa ta, don ba lallai ta iya fure na biyu ba. Keitt kuma yakan makara da kansa, sau da yawa furen da ya yi riga-malam kawai muke cirewa. Cibiyar bincike ta La Mayora da ke Algarrobo, nan kusa da mu, ta daɗe tana aiki a kan furen mangwaro da barbararsa a wannan yanayi, kuma manoman yankin suna amfana da ita.

Cututtuka uku ne ke cin fure da toho a nan. Ta farko tun kafin fure take farawa: bakteriyar Pseudomonas syringae, mai son sanyi da jiƙa. Tana shiga ta idon toho da raunin da iska ko ƙanƙara ta yi, kan reshe ya yi baƙi ya bushe, baƙin ya bi ta karan ganye, wani lokaci da farin danƙo yana tsatsa. Reshen da kansa ya mutu ba shi da fure a shekarar. Rigakafi kaɗai ke aiki: feshin haɗin Bordeaux, wato jan ƙarfe da farar ƙasa, kusan sau ɗaya a wata daga Oktoba ko Nuwamba har idanu su fara kumbura, da kuma shingen tare iska a gefen da ta fi bugowa. Ta biyu farar funfuna ce mai kama da an barbaɗa gari a kan zangarniya, tana son dare mai raɓa da rana mai ɗumi, wato daidai lokacin fure na biyu. Farar wuta mai narkewa a ruwa muke fesawa duk kwana 10 zuwa 15, daga fitowar zangarniya har 'ya'ya su kama, da sassafe, kuma a dakata in zafi zai haura digiri 30, don tana ƙona fure. Ta uku ita ce dunƙulewar fure da funfunar Fusarium ke jawowa: zangarniyar ta yi gajere, ta cure, ba ta ba da ɗa. Wannan feshi ba ya warkar da ita. A yanke reshen toho uku baya da inda cutar take, a sa a buhu a fitar daga gona a ƙone, a tsoma almakashi a ruwan bilic kafin a taɓa wata bishiyar. Ta hanyar reshen aure take yawo daga gona zuwa gona, shi ya sa sai an san inda aka sayo dashe.

Muddin fure yana buɗe ba ma fesa maganin ƙwari ko kaɗan. Ƙudaje ne da ƙudan zuma ke yin barbarar.

Ruwa kuwa, babbar gona tana shan kimanin mita kubik 5,000 zuwa 6,000 a hekta a shekara, kusan duka daga Mayu zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta bishiya ɗaya tana samun lita 30 zuwa 40 a rana ta bakin ɗigo huɗu. Makonni shida na farko bayan 'ya'ya sun kama su ne ba a wasa da su, ƙishi a lokacin yana zubar da 'ya'ya kuma yana tsuke girman waɗanda suka rage. Yankin nan ya dogara da madatsar La Viñuela, kuma a lokacin farin da aka yi a 2022 da 2023 ruwanta ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100, aka rufe wa manoma ruwan ban gona. Masu fiya sun fi kowa shan wuya, da yawa sun tumɓuke bishiyoyinsu, domin fiya ta fi mangwaro shan ruwa kuma ba ta jure gishiri. Da yawan gonaki sun koma ga tataccen ruwan da ya fito daga matatun ruwan garuruwa. Yana ceton bishiya, amma gishirinsa ya fi yawa: bakin ganye ya ƙone, farin gishiri ya taru a gefen inda ɗigo ke jiƙawa. Muna auna gishirin ruwan kowane mako, muna gauraya shi da mai daɗi in an samu, kuma ranar da ruwan sama na farko ya sauka muna barin ɗigo a kunne, don kada ruwan saman ya turo gishirin da ya taru a gefe ya kai shi kan saiwa. Duk wanda zai kafa gona a irin wannan wuri, ya tabbatar da ruwansa a rubuce kafin ya sayi fili.

Taki ta cikin ruwan ɗigo yake tafiya, kuma muna tsuke hannu a kan naitrojin. In ya yi yawa, naman ɗan yakan ruɓe daga ciki, wajen hancinsa ko kewayen ƙwallo, alhali bayansa lafiya lau, sai mai saye ya yanka ya gani. Gwajin ganye ne ke yi mana jagora: naitrojin kada ya wuce kashi 1.2 cikin 100 sosai, kalsiyam kuma ya kai 2.5. Fotash ake ƙarawa lokacin da 'ya'ya ke cika, boron da zink kuma a fesa a ganye gab da fure.

A Yuni da Yuli aikin hannu ne. Ana rage 'ya'ya a bar ɗaya, in reshen mai ƙarfi ne biyu, a kowace zangarniya, domin kasuwa ta fi son mai nauyin giram 400 zuwa 600. Ana yanke busassun karan zangarniya da ke gogar fatar ɗan in iska ta kaɗa, tabon da suke bari yana sauke shi daga sahun farko. Rassan da suka sunkuya a tokare su da gwafa ko a ɗaure su da turken tsakiya, kada ɗa ya taɓa ƙasa. Sai kuma terral, busasshiyar iska mai zafi da ke gangarowa daga tsaunuka ta kai zafi digiri 40. 'Ya'yan da ke fuskantar yamma su ne take ƙonawa, fatar ta yi fari sannan ta yi baƙi. Muna fesa musu farar lakar kawolin, kilo 3 zuwa 5 a lita 100 na ruwa, ko a sa musu hular takarda, kuma in an yi hasashen iskar a ƙara ruwa tun daren. Daga Agusta ake rataye tarkon ƙudan 'ya'yan itace na Bahar Rum, a riƙa ƙirga abin da ya kama kowane mako, a kwashe duk ɗan da ya faɗi.

Launin Osteen yana ruɗin baƙo, don yakan yi shunayya tun bai ƙosa ba. Abin dubawa shi ne kafaɗunsa su cika su taso kewayen kara, fatar ta rage ƙyalli, sannan a yanka samfuri a ga naman kusa da ƙwallo ya fara rawaya. Wanda aka cire bai ƙosa ba zai yi laushi amma ba zai yi zaƙi ba har abada, kuma masu gaggawar cin farashin farkon kaka suna ɓata sunan yankin gaba ɗaya da irin wannan kaya. Bishiya ɗaya sai an zagaye ta sau biyu ko uku. Da almakashi ake cirewa, a bar kara santimita 2 ko fiye, domin in ya karye a gindi danƙon da ke fita yana ƙona fata ya bar baƙin zane. A jera a akwati ba tare da an danne ba, a ajiye a inuwa, a kai wurin tattarawa a ranar. Can ake tantancewa a zuba a kwalin kilo 4, a riƙe a digiri 10 zuwa 12. Ƙasa da haka sanyi yana lalata shi, fatar ta yi toka-toka kuma ya ƙi nuna. Mota tana kai shi Faransa ko Jamus cikin kwana biyu zuwa uku, alhali na Brazil da Peru yana yin makonni a jirgin ruwa, shi ya sa namu yake iya daɗewa a bishiya ya ƙosa sosai, kuma wannan ne abin da muke sayarwa. Mangwaro nau'in Kent na Mali da Burkina Faso da Kodebuwa da Senegal ya riga ya gama kakarsa kafin tamu ta fara. Gona takan fara biyan kuɗin aikinta a shekara ta huɗu ko ta biyar, ta cika ƙarfi a ta bakwai ko ta takwas, inda kilo 20 zuwa 25 a bishiya, wato tan 16 zuwa 20 a hekta, shekara ce mai kyau.

Ba kowace shekara ake samun haka ba. Reshen da ya ɗauki ɗa sai ya yi sabon toho, tohon ya ƙosa, kafin ya iya fure. A ƙasar zafi akwai watanni na ɗumi bayan an cire 'ya'ya. A nan ana gama cire Osteen a Oktoba, sanyi yana bakin ƙofa, tohon da ya fito a lokacin bai ƙosa ba hunturu zai same shi, bakteriya ta cinye. Shi ya sa shekara mai kaya takan jawo marar kaya. Bayan cirewa aski kaɗan muke yi: busassun rassa, ragowar kara, da abin da ya haura mita 2.5 zuwa 3, sai feshin jan ƙarfe a kan raunukan nan take, kuma a daina ba da naitrojin. Babban askin sai Afrilu ko Mayu. A lokacin muke zaɓar wajen kashi ɗaya cikin uku na rassan kowace bishiya, musamman waɗanda ba su yi fure ba ko furensu bai kama ba, mu datse su, su yi toho biyu ko uku cikin zafin Yuni zuwa Satumba. Su ne za su ɗauki kayan baɗi, waɗanda suka ɗauka bana kuma a datse su in Afrilu ta zagayo.